Rinin da Ke Gani

Idon kyamarar wayarka bai san launi ba. Da silikon aka yi shi, shi kuwa silikon haske kawai yake ji, ja da kore da shuɗi duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa ake lulluɓe shi da matatar launi, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistar mallakarta a 1976: cikin kowane gurbi huɗu, biyu kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Dabarar ta yi, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na hasken a matatar yake ƙarewa.

Wasu masana sinadarai sun ce, tunda rini yana shanye launi ɗaya ya bar saura, a mai da rinin kansa ido. Ƙofar ta buɗe ne a 1977, lokacin da Heeger da MacDiarmid da Shirakawa suka nuna cewa roba, wadda tushenta kabon ne, tana iya ɗaukar lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Hatta shuni, irin wanda marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata, masu bincike a Linz ta ƙasar Ostiriya sun nuna a 2012 cewa yana cikin wannan dangi. Idan kore ake so a gani, akan ɗauko kwinakiridon, rinin da ake sawa a tawada da fenti. Ja-ja yake mai ɗan shunayya a ido, don kuwa koren ya shanye.

Aikin ƙera irin wannan ido da wanki yake farawa. Ana ɗauko ɗan gilashi mai shafen sinadarin indiyom da kuza, wanda lantarki ke bi ta kansa, haske kuma ya ratsa shi. A wanke da sabulu, a ɗauraye da tataccen ruwa, sai asiton, sai sifirit, kowanne cikin kwanon da ke girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji. Wanda ya yi ƙyuiya ya tsallake mataki ɗaya, ƙwayar ƙura guda ta isa ta huda shimfiɗar rinin, wadda kaurinta bai wuce nanomita ɗari ko ɗari biyu ba. Silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa.

Daga nan sai akwatin da aka cika da iskar naitirojin, saboda danshi da oksijin suna lalata kayan. Ta dogayen safar hannu na roba ma'aikaciya ke zura hannu. Ta zuba garin rinin a ɗan kasko, ta rufe tukunya, injin ya zuƙe iskar ciki, sannan ta ɗaga zafi a hankali har garin ya zama tururi ya kwanta a kan gilashin. Idonta na kan ma'aunin kiristal, wanda kaɗawarsa ke raguwa gwargwadon nauyin da ya hau shi, tana riƙe da gudun kusan kashi ɗaya cikin goma na nanomita a daƙiƙa. Kasko biyu take tururawa tare, mai bayar da ilektiron da mai karɓa, domin a mahaɗarsu ne hasken da aka shanye ke zama lantarki. Wannan daidaiton ne ya fi burge ni: mai karɓar ma sai an zaɓe shi da kyau, in ba haka ba ya sha shuɗi ya gurɓata koren.

Gwajin farko a cikin duhu ake yi. Idan lantarki na yoyo babu haske, aikin ya koma baya. In ya tsaya, sai a haska masa launuka ɗaya bayan ɗaya, a ga ko zai amsa tsakanin nanomita 500 zuwa 570 kaɗai.

Masu bincike na Samsung sun ɗora irin wannan shimfiɗa a kan silikon, ta kama kore, ja da shuɗi su wuce ƙasa. Na tashar NHK a Japan kuma sun jera shimfiɗa uku, kowace da launinta. Abin da ya rage shi ne juriyar zafin masana'anta da tsawon rai, kuma har yanzu galibin wayoyin da ke kasuwa da matatar Bayer suke ɗaukar hoto.