4.3 Fim ɗin Yesu na Hausa: Riƙon Amanar Nassi a Idon Mai Kallo na Ƙasar Haɗejia

A wannan sashe za a duba fim ɗin Yesu na shekarar 1979, wanda John Heyman ya shirya tare da ƙungiyar Campus Crusade for Christ ta Amurka. An ɗauke shi a ƙasar Isra'ila, kuma an fassara shi cikin harsuna fiye da 2,000, ciki har da Hausa. A da da majigi da janareto ake haska shi a fili, yanzu kuwa a wayar hannu ake kallonsa. Da'awar masu fim ɗin ita ce Linjilar Luka suka bi sau da ƙafa. Wannan da'awa ce za a auna, ta yin la'akari da mai kallo na ƙasar Haɗejia, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne masu noma da su, waɗanda ba su da Littafi Mai Tsarki a hannu balle su gwada abin da suka gani da abin da aka rubuta. Ga irin wannan mai kallo, fim ɗin shi ne littafin, don haka duk abin da aka ƙara ko aka rage zai ɗauka haka nassin yake.

Ta fuskar kalamai, fim ɗin ya yi ƙoƙari ƙwarai. Galibin abin da aka sa a bakin Yesu daga Luka aka ciro shi, kuma ba a cusa labarin soyayya don jan hankali ba, saɓanin fim ɗin The Ten Commandments na 1956, inda Cecil B. DeMille ya ƙirƙiro wa Annabi Musa masoyiya a gidan Fir'auna alhali Littafin Fitowa bai san da ita ba.

Wurin da fim ɗin ya fi armashi shi ne kamun kifi na babi na 5. Masunci na Guri ko Kirikasamma ba ya bukatar sharhi a kan mutumin da ya kwana a ruwa bai kama ko ɗaya ba, da safe yana wanke taru, sai wani wanda ba masunci ba ya ce masa ya koma ya sake jefawa. Ya san nauyin wannan magana, ya kuma san abin da cikar kwalekwale har ya nemi nutsewa ke nufi ga mai iyali. Kifin da aka fi sanin tafkin Galili da shi ma dangin karfasa ne, irin wadda ake kamawa a Kogin Haɗejia. A nan hoton ya taimaki nassi, domin an nuna taru da gumi da mutane talakawa, ba a ƙawata su ba. Haka ma misalin mai shuka na babi na 8. Manomin gero na tudu, wanda ke sara rami da sungumi ya rufe da diddige, zai iya mamakin mutum mai watsa iri har a kan hanya. Amma manomin fadama da ya saba yafa shinkafa ya gane, kuma shi da ya sha fama da jan-baki da ciyawar kacala ba sai an gaya masa yadda tsuntsu ke cinye amfani ko yadda ciyawa ke shaƙe shuka ba.

To, sai dai bin sau da ƙafa da aka yi da'awa bai cika ba. Babi 24 ba za su shiga awa biyu ba, dole aka yi zaɓe, zaɓe kuwa hukunci ne. An bar misalin ɗan da ya ɓatar da gadonsa ya dawo wa mahaifinsa, na babi na 15, wanda babu shi a sauran Linjiloli ukun, kuma da wuya a sami labarin da zai fi shi taɓa zuciyar Bahaushe. An kuma ɗauko misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji daga babi na 18 aka kawo shi farkon fim, kafin kamun kifi. A wurin jarrabawa a jeji an nuna Iblis a siffar maciji, alhali babi na 4 bai ambaci maciji ba. Kalaman aika almajirai da aka rufe labarin da su kuwa daga ƙarshen Linjilar Matiyu suke.

Babbar matsalar ita ce fuska. Luka ya faɗi cewa Zakka gajere ne, amma bai ce komai game da tsayi ko launi ko gashin Yesu ba. Kyamara ba ta iya yin wannan shiru. Sai aka ɗauko Bature ɗan Ingila, Brian Deacon, aka sa shi a tsakiyar 'yan wasa waɗanda yawancinsu mutanen Isra'ila ne. Ke nan abin da ya fi zama a zuciyar mai kallo shi ne abin da babu shi sam a littafin. Ga Musulmin Haɗejia akwai ƙarin nauyi, domin Annabi Isa (A.S.) annabi ne a wurinsa, kuma malaman Sunni ba su yarda a kwaikwayi annabawa ba. Don haka ne Mustafa Akkad bai nuna Manzon Allah (S.A.W.) ba a fim ɗinsa na 1976. Wasan Annabi Yusuf na ƙasar Iran na 2008, mai kashi 45, wanda shi ma aka mayar Hausa ya sami karɓuwa, ya nuna fuskar annabi ya kuma sha suka a kan haka.

Game da gicciyewa, fim ɗin ya bi babi na 23 yadda yake. Musulmi bai yarda da faruwar hakan ba, bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, amma wannan saɓanin aƙida ne tsakanin littattafai biyu, ba kuskuren mai shirya fim ba ne, tunda da littafin da ya ce ya bi za a auna shi.

Saura batun fassara. Luka da Girkanci ya yi rubutu, daga fassarar Turanci aka tsara fim ɗin, daga nan kuma aka juya zuwa Hausa, tare da sharaɗin yawan gaɓoɓin kalmomi ya dace da motsin bakin ɗan wasa. Jimlar Hausa sau da yawa ta fi ta Turanci yawan gaɓa, don haka mai fassara yana tsakanin ya datse ma'ana ko ya bar murya ta wuce leɓe. Akwai kuma kalmomin da Kirista ya saba da su a Littafi Mai Tsarki na Hausa, irin su Farisiyawa da baftisma da Idin Ƙetarewa, waɗanda mutumin Auyo ko Malam Madori zai ji su da Hausa amma ba zai san inda suka dosa ba. Sashe na gaba zai ɗauki waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya.