Tattasai a Cikin Mazurari

A shekarar 1930 wani mai ɗaukan hoto, mutumin Amurka, Edward Weston, ya ɗauki hoton tattasai ƙwaya ɗaya tak a garin Carmel, cikin jihar Kalifoniya. Shi a ke kira Tattasai na 30, domin ya sha gwadawa kafin ya dace da wannan. Yau ana lissafa shi cikin mashahuran hotunan duniya. To, ya kamata a bincika ko ya cancanci wannan matsayi, tun da ya ke tattasai ba kome ba ne illa kayan miya.

Dabarar da ya yi ba mai tsada ba ce. Ya sami mazurari na gwangwani, ya kwantar da shi, ya sa tattasan daga bakinsa. Cikin mazurarin ya ba da duhu a baya, gefensa kuwa ya riƙa mayar da haske a jikin tattasan ta ko'ina. Na'urarsa babba ce, fim ɗinta inci 8 ne da inci 10, kuma daidai girman nan ya ke fitar da hoto a takarda, ba ya ƙara shi. Saboda haka ba abin da ya dushe. Hoton baƙi da fari ne. Da launi ya kau, sai ido ya rasa abin da ya saba gane tattasai da shi, ya koma duban lanƙwasa, da santsin fata, da yadda haske ke gangarawa cikin kwarmi.

Babban abin yabo shi ne gaskiyar aikin. Can wajen ƙasan tattasan akwai ɗan tabo inda ya fara ruɓa. Weston gwanin gyaran hoto ne, gama da ɗaukan hoton mutane ya ci abinci shekara da shekaru, amma ya bar tabon nan yadda ya ke. Tabon shi ke tuna wa mai kallo abin nan tsiro ne mai lalacewa, ba sassaƙen dutse ba ne.

Masu kallo da yawa sukan ce sun ga bayan mutum, ko 'yan kokawa sun sarƙe, su yaba hoton saboda haka. Wannan yabo bai tsaya inda ya kamata ba. In sai tattasai ya yi kama da mutum kana ya yi kyau, ashe mutum a ke yabo. Weston kansa ya ƙi irin wannan fassara, ya nace a kan tattasai ya ɗauka.

Amma fa hoton yana da rashi. An raba tattasan da duk abin da ya shafe shi. Ba gona, ba kasuwa, ba wuƙa, ba hannun mai girki. Ga shi kuma ba kowane tattasai ya ɗauka ba, sai da ya zaɓi murɗaɗɗe wanda ya fita daban. Haka ya yi da ganyen kabeji a 1931, ya ware shi cikin duhu har ya yi kamar ninkin tufa. Watau ya nuna kyan siffar abu, ya bar kyan amfaninsa, alhali kuwa rabin darajar kayan gida amfaninsu ne.

Duk da haka hoton ya ci sunansa. Sabo shi ke rufe ido, har mutum ya shekara arba'in yana sayen abu bai taɓa dubansa ba. Weston ya rasu a 1958, amma har yanzu wanda ya tsaya a gaban hoton nan, in ya koma kasuwa, da wuya ya wuce kashin tattasai bai ɗan dakata ba. Raina kama ka ga gayya.