Jinjina ga masu warware ƙullin Django

Duk wanda ya gina manhaja da Django ya san wannan ciwon kai. Ka adana littafi da marubutansa uku, ka dawo ka tarar babu ko ɗaya a cikinsu. Masu gyaran da nake yabo ba sa gaggawa. Sun san alaƙar littafin da marubutansa tana zaune ne a wani tebur na uku, kuma ba ta rubutuwa sai littafin ya samu lambarsa a rumbun bayanai. Shi ya sa bayan commit=False suke kiran save_m2m(). A shafin gudanarwa ma, post_save kan riga alaƙar isowa, sai su kasa kunne ga m2m_changed. Wannan aiki haƙuri yake so, kuma suna da shi. Allah ya saka musu da alheri.