Jinjina ga Madugan Ayarin Bilma

Makiyayin Affala da ke sayo wa dabbobinsa kantun gishiri ba kasafai yake tuna hanyar da gishirin ya biyo ba. Daga Bilma yake, can bayan hamadar Tenere, kusan kilomita 600 daga Agadas. Da kaka, Buzayen Kel Gress kan labta wa raƙuma gero da harawa, su faɗa rairayi, sai a yi kwanaki ba a ga rijiya ba. Madugu rana da taurari yake karantawa, kamar matuƙin jirgi a tsakiyar teku. In ya kuskure dausayin Fachi da ke kan hanya, ayari ya halaka. Itacen Tenere ma, da ake alama da shi, mota ta kayar a 1973. Motoci sun rage wa madugai ciniki, amma ba su ajiye akala ba. A gaishe ku, madugai!