Jinjina ga Masu Gyaran Moto

Da asubar hunturu, lokacin da sanyi ke gangarowa daga duwatsun Keita da Buza, moto kan ƙi tashi ko an gaji da buga shi. A nan ake sanin darajar makaniki.

Ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya tsuguna a rumfarsa, ya kasa kunne, ya zare buji ya duba. In bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ga hayaƙi, ga shan mai, ya san cok ne ya maƙale a rufe, mai ya rinjayi iska. In kuwa bujin a bushe yake, to wataƙila ƙura ce ta toshe hanyar mai. Sai ya sauke kafireta, ya wanke ta cikin gwangwani, ya hure ƴan ramukanta ɗaya bayan ɗaya.

Albarkacin wannan haƙuri manomin albasa na kwarin Tarka ke cin kasuwar Madawa, ɗan kabu-kabu ya sami na cefane, mai naƙuda ta isa asibiti da tsakar dare.

Sannunku da aiki, iyayen gida. Allah ya yi wa hannuwanku albarka.