Turmin da Ke Zama Ganga: Aiki da Fasaha a Zangunan Iferwan

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu ko uku kan haɗu a kan turmi guda, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, can sai ka ji dakan ya rikiɗe ya zama kiɗa, ana jefa taɓarya sama ana tafi ana cafewa, gero kuwa yana ta laushi. Matan Abzinawa sun wuce nan, domin su turmin kansa suke mayarwa ganga. In an gama dakan yamma sai a kakkaɓe shi, a rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, a ɗaure tamau, a gitta taɓare biyu a gefensa, mata biyu su zauna a kansu, nauyinsu ya ja fatar ta ɗame. Ta uku ta durƙusa ta kama bugu da tafin hannu, ana yayyafa wa fatar ruwa jifa-jifa don kada muryarta ta dushe. Da harshen Tamashek sunan turmi tende, sunan gangar tende, waƙoƙin da taron su ma tende. Kafin hantsi an kwance fatar, turmi ya koma bakin aikinsa.

Marubuta da masu zane na birni sukan yi kukan cewa hidimar gida ta cinye musu lokacin fasaha. A zangunan da ke kewaye da Iferwan, inda aikin yini ya fi na birni nauyi nesa ba kusa ba, mutane sun samo wata mafita tun da daɗewa: ba su ware wa fasaha ɗaki ko kayanta na daban ba, sun cusa ta cikin kayan aikin yau da kullum. Sai dai wannan sulhu bai yi wa kowace fasaha daidai ba. Wata ta rayu da shi, wata kuwa ta yi rauni.

Iferwan tana arewacin duwatsun Abzin, a gindin dutsen Tamgak, kimanin kilomita 300 arewa da Agadas. Tana cikin gandun dajin Abzin da Tenere da aka kafa a 1988, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991. Ruwan sama ƙalilan ne, saboda haka rayuwa a bakin kori take, inda ambaliyar damina ke nutsewa cikin yashi ta cika rijiyoyi. Bayan garin kansa, jama'a a warwatse suke cikin kwaruruka: bukkoki kaɗan, rijiya, garken awaki, garka mai shingen ƙaya da 'yan itatuwan dabino.

Bukkar Abzinawan nan ba ta fata ba ce kamar ta 'yan'uwansu na Azawak. Ta tabarmin kaba ce, ana lulluɓa su a kan tanƙwararrun itatuwa. Mallakar mace ce, uwa da danginta ke haɗa wa amarya, kuma kalmar ehan da ke nufin bukka ita ce dai ake amfani da ita wajen zancen aure. Miji shi ne baƙo, in aure ya mutu shi zai ɗauki sirdinsa ya fita. A nan fasahar farko take. Gidan kansa saƙa ne, kuma kyan saƙar shi ke nuna hannun matan dangi. Ba wani lokaci na musamman aka keɓe wa saƙar ba. Ana yin ta da tsakar rana a inuwa, lokacin da zafi ya hana kowane aiki, ana kuma yin ta a bayan awaki, ido na kan garke, yatsu na kan kaba. Haka maza ke tufkar igiyar ayari a wurin kiwon raƙuma, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yinin mace kan fara da tatsar awaki tun da asuba. Daga nan sai daka, sai ɗebo ruwa a kan jakuna, sai itace, sai sarrafa madara ta zama cuku a shanya shi ya bushe. Da cukun nan, da dabino, da gero ake dama furarsu mai suna egajira, guzurin makiyayi da matafiyi. Namiji mai garka kuwa yana bakin rijiya da tekarkart, wato firam ɗin itace mai kura wanda raƙumi ko sa ke jan gugarsa, yaro na kora dabbar gaba da baya, ruwa na bin magudana zuwa fangalin alkama a lokacin sanyi, ko masara, ko tumatir ɗin da za a yanka a yi kauɗa. Wanda ba shi da garka, da kaka yakan bi ayari zuwa Fashi da Bilma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya gangara da su Damargu da ƙasar Hausa, ya komo da gero da turkuɗin Kura. Tafiyar kan ci watanni. Ke nan rabin shekara zango a hannun mata yake, kuma ba abin mamaki ba ne da kiɗan Abzin na asali ya zama na mata.

Kayan kiɗan biyu ne suka fi fice, kuma bambancin makomarsu shi ne zuciyar wannan nazari. Na farko shi ne tende. Na biyu shi ne anzad, wanda wasu ke kira imzad, ɗan'uwan gogenmu: rabin ƙwarya da aka rufe da fata, tsirkiya guda ta gashin wutsiyar doki, da ɗan baka. A wurinmu goge na maza ne, a wurinsu mace kaɗai ke goga anzad, maza su yi waƙar yaƙi ko ta bege a kansa cikin ladabi. Anzad kiɗan manya ne. Koyonsa na ɗaukar shekaru, yana buƙatar zama da natsuwa da hannun da bai gaji ba. A da, matan manyan gida suna da wannan sararin, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne dalilin da ya sa: akwai bayi da barori da ke yi musu daka da ɗiban ruwa. Hutun mai anzad daga gumin wata yake fitowa. Da bauta ta kau, fari na 1973 da na 1984 suka share dabbobi, matar babban gida ita ma ta kama taɓarya, sai masu anzad suka yi ta raguwa, har ya zama yawancinsu tsofaffi ne. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, amma takardar yabo ba ta tatsar akuya, ba ta kuma ƙara wa yini awa guda.

Tende kuwa bai taɓa neman hutun kowa ba. Turmi na nan ko ana biki ko ba a yi. Abokin tafiyarsa, asakalabo, ƙwarya ce da ake kifawa a cikin tasar ruwa ana dukanta, irin kiɗan ruwan da matan Hausa suka sani, ita ma daga madafa ta fito. Ba a buƙatar gwana guda da ta shekara goma tana koyo. Mai ba da waƙa ɗaya, sauran mata su yi amshi da tafi da guɗa. Da shi ake suna da aure. Da shi ake ilugan, inda mata ke zama a dunƙule da turminsu, samari a kan raƙuman da suka sha ado suna kewaya su, takun raƙumi na bin bugun ganga, waƙar kuwa tana yabon raƙumin, ta bayan fage tana yabon mai shi. Akwai ma tenden da ake yi wa macen da ake ganin mutanen daji, Kel Esuf, sun taɓa, wanda malamai ba sa kallonsa da idon rahama. Mai bincike Susan Rasmussen ta yi littafi a kan wannan a 1995 bayan zamanta da Abzinawan Kel Ewey. Abin lura shi ne, kayan da ya fi gajiyar da mace da rana shi ne ake ɗauka a yi mata magani da dare.

Akwai kuma wani rukuni da fasaha ita ce aikinsu kai tsaye: inadan, maƙera. Namiji na ƙera azurfa da ƙarfe, yana sassaƙa turmi da cokali da sirdin raƙumi mai ƙaho uku. Matarsa na jima da ɗinkin fata, jakunkuna masu tuntu ja da kore. Daga hannunsu kurus ɗin Iferwan ya fito, abin ado na azurfa, ɗaya daga cikin irinsa 21 da ake lissafawa a Nijar. Akan siffata shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya zube, a ɗura narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun, don haka kowane guda da gurbinsa. A da, kowane gidan maƙera na haɗe da wasu gidaje, su ne 'yan aike da masu shiga tsakani a aure, ana biyansu da gero ko akuya. Da masu yawon buɗe ido suka cika Abzin a shekarun 1980, sai ciniki ya koma na kuɗi da na baƙi. Riba ta samu, amma kasuwar ta zama mai bin iskar siyasa. Tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995 ya tsayar da ita. Na biyu ma daga nan Iferwan ya tashi, da harin da ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai a Fabrairun 2007, har garin ya kusan zama kufai. Sace ma'aikatan yuraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa korar Turawa. Maƙerin da ya riƙe sassaƙar turmi da gyaran sirdi bai rasa aiki ba, wanda ya dogara da baƙi kuwa sai da ya bi su har Yamai da ƙetare.

Tun 2001 Iferwan ke karɓar Bikin Abzin, inda ake gasar tende da anzad da waƙa da adon raƙumi. Alherinsa a bayyane yake: ya ba masu anzad fili, ya ba maƙera kasuwa, ya sa yarinya ta ga cewa abin da kakarta ke yi abin tafi ne. Amma dandali na da nasa sharaɗin. A can ana kiɗa don alƙalai da kyamara, cikin ƙayyadadden lokaci, a kan turmin da wataƙila bai ga gero ba a makon nan. Masu magana sun ce kowa ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. A gefe guda kuma zangon kansa yana sauyawa. Injin ban ruwa ya maye gurbin tekarkart a garake da dama, mota ta rage ayari, zinaren da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014 ya kwashe samari, jitar su Abdallah Oumbadougou da Bombino ta shiga gidan biki, waya kuma ta ɗauke ta har bayan garke.

Bai kamata wanda ke zaune a birni ya yi wa matan Iferwan fatan su dawwama a kan daka don shi ya ji kiɗa ba. Daka wahala ce, kuma duk macen da ta samu injin niƙa ta samu sauƙi. Tambayar da ta rage ita ce inda wannan sauƙin zai tafi. Tarihin kayan kiɗan nan biyu ya nuna hanya biyu: tende ya rayu don yana manne da aiki, anzad ya yi rauni don ya rasa hutu. In injin ya ɗauke wa mace dakan awa biyu, mai yiwuwa turmi ya koma lungu, fatarsa ta bushe. Mai yiwuwa kuma, a karon farko, jikar wadda ta yi wa wata daka ta samu lokacin da za ta zauna kusa da tsohuwa ta ɗauki bakan anzad, ba tare da gumin kowa ya biya mata ba.