Haske da Jigo a Ayyukan John Alcott

Gabatarwa

Masu tarken fim sukan tsaya kan darakta da 'yan wasa, su manta da mai ɗaukar hoto, alhali shi ke zaɓar abin da ido zai gani. Wannan takarda za ta dubi ayyukan John Alcott, ɗan ƙasar Ingila, domin nuna cewa haske salo ne da ke ɗauke da jigo.

Ayyukansa

Alcott ya fara ne a matsayin yaron kyamara, daga baya ya yi fice tare da darakta Stanley Kubrick a finafinan A Clockwork Orange (1971) da Barry Lyndon (1975) da The Shining (1980). A Barry Lyndon ya ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir, ta hanyar gilashin Zeiss da aka ƙera wa hukumar NASA. Wannan aiki ya samar masa kyautar Oscar a 1976. Ya rasu a 1986.

Kamaru a Idon Kyamara

Shi ne kuma ya ɗauki Greystoke (1984), labarin Tarzan, wanda aka yi wani ɓangarensa a magangarar ruwa ta Ekom-Nkam, cikin jihar da Duwala ke zama babban birninta. A nan gwanintarsa ta bayyana: hazo, da ganye, da rana mai ratsa itatuwa. Sai dai hasken ya ƙare a kan daji da birai da Bature. 'Yan ƙasa kuwa galibi maharba ne masu kai hari. Bahaushen New Bell, unguwar baƙi tun zamanin Jamusawa, zai ga ƙasarsa a fim ɗin, amma ba zai ga kasuwa ko masallaci ko mai kama da maƙwabcinsa ba.

Ya kamata a kwatanta wannan da Muna Moto (1975) na Dikongué-Pipa, haifaffen Duwala. Fim ne marar launi, amma kyamararsa ta tsaya a kan fuskokin mutanen da tsadar aure ta raba. Shi ma a 1976 ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Kammalawa

Laifin ba na Alcott kaɗai ba ne, domin labari da darakta ke gaba. Duk da haka, kyan hoto ba ya wanke jigo. Kamar yadda ɗalibi ke tambayar wa ke magana a ƙagaggen labari, haka ya dace ya tambayi kowane fim, har da na Hausa: wa aka haska, wa aka bari a duhu?